Daga Tanut zuwa Kano da Motar Gida: Yadda Ake Shirya Tafiya da Ƙaramin Guzuri

Ina gaida mutanen Tanut da kewaye, ina gaida na Belbeji da Tarka, da na Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. Direbobin da ke kan hanya a wannan lokaci, Allah ya sauke ku lafiya. Uwayen gida da ke sauraronmu a bakin murhu, sannunku da aiki.

Yau maganar tafiya za mu yi. Tafiyar da nake nufi ita ce ta ƴan kwanaki, ta hutu da sada zumunci da buɗe ido, wadda magidanci zai ɗebi iyalinsa a motarsa, ya ƙetare iyaka zuwa Najeriya, ya kwana uku ya dawo. Da yawa daga cikinmu suna ganin wannan sai mai hannu da shuni. Ni kuwa na ga malamin makaranta ya yi ta a lokacin hutu, na ga ɗan kasuwa ya yi ta bayan kaka, kuma duk sun dawo ba bashin kowa a kansu. Abin da nake so ku riƙe daga shirin nan guda ɗaya ne: arahar tafiya a gida ake samunta, tun kafin a tayar da mota. Duk abin da ka ƙi shiryawa a Tanut, a kan hanya za ka saye shi, kuma da tsada.

Mu mutanen Damargu ba baƙin tafiya ba ne. Ƙasar nan zango ce tun kaka da kakanni. Ayarin gishiri na Abzinawa yakan sauko daga arewa, ya yada zango a nan, ya ɗauki hatsi, ya wuce Damagaram da Kano. A watan Janairu na 1851, da irin wannan ayari ne Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya iso Damargu, kuma sai da ya shafe sama da mako uku kafin ya shiga Kano ta Tasawa da Katsina. Abin da ya ci masa makonni, yau mota tana cinye shi a yini guda. Amma abin da ke kai ayari lafiya yana nan yadda yake. Madugu ba ya tashi sai ya san rijiyar da za a sha, da zangon da za a kwana, da sarkin da za a ratsa ƙasarsa, da raƙumin da ba zai kai ba. Maigida, ranar da ka kama sitiyari kai ne madugu, kai ne jagaba, matarka da ƴaƴanka su ne ayarinka.

Tambaya ta farko da za ka yi wa kanka ita ce: ɗaukar motar ma ya kamata? Idan kai kaɗai ne, gaskiya ka je tasha ka shiga motar haya, ta fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Motar gida tana fitar da kuɗinta ne idan kujerunta sun cika, mutum huɗu ko biyar. Shi ya sa nake ba da shawarar a haɗa hannu: kai da ɗan'uwanka ko amininka, a raba kuɗin mai da na takardu. In shi ma ya iya tuƙi kuma yana da permi, to, riba biyu ke nan, don za ku riƙa karɓar juna. Amma ku yi maganar kuɗi a fili tun a gida, kowa ya san abin da zai kawo, kada tafiyar zumunci ta dawo da ɓacin rai.

Sai hanya. Daga Tanut za ka miƙa kudu ta Sabon Kafi da Bakin Birji zuwa Damagaram, kilomita kusan 150. Daga Damagaram hanyoyi biyu ne mutane suka fi bi. Akwai ta Magarya, akwai kuma ta Takeita, Kance da Matamai, wadda ke kai ka Ɗan Barto a bakin iyaka. Da ka ƙetare ka shiga Kwangwalam a jihar Katsina, sai Mai'aduwa, sai Daura, sai Kazaure, sai Ɗambatta, sai Kano. Ga mai tafiyar buɗe ido na fi son wannan ta biyu, saboda ta Daura take bi. Daga Damagaram zuwa Kano kilomita kusan 240 ne. A dunƙule, ka ce 400 daga ƙofar gidanka.

Kwana biyu kafin tashi, ka je tasha ka zauna da direbobin da ke bin hanyar kullum. Su suka san inda kwalta ta fashe, da inda ake aiki, da shingen da aka ƙara, da ko iyaka a buɗe take. Kada ka raina wannan tambaya ta ƙarshe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. An sake rufe iyakarmu da su bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Matambayi ba ya ɓata. Ka kuma tambayi ranakun kasuwa. Kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi take ci, ranar nan hanya cike take da dabbobi da manyan motoci. In kana son ganin kasuwar, ka zaɓi ranar. In wucewa kake son yi da sauri, ka kauce mata.

Yanzu mu zo kan takardu, domin a nan ne aljihun matafiyi ya fi zuba. Takardu iri biyu ne: na mutane da na mota.

Na mutane, kowane babba ya riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo wanda wa'adinsa bai ƙare ba, da katin rigakafin shawara, wannan mai launin rawaya. Yara a ɗauko musu takardar haihuwa. Idan akwai yaron da ba naka ba a cikin motar, ɗan wanka ko ɗan maƙwabci, ka karɓi rubutaccen izinin iyayensa da hatimin hukuma. Kun sani cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan waɗannan ƙasashe masu tambarinta, kuma za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba har sai an ji wata sanarwa. Don haka kafin ka tashi, ka leƙa ofishin ƴan sanda ka tabbatar da abin da ake nema a makon da za ka yi tafiyar.

Na mota kuwa: permi, kartigiris wato takardar mallakar mota, takardar bizit da ke nuna an duba lafiyar motar, binyet ta bana, da lasiransi. Ku saurari wannan da kyau. Da yawanmu mun sayi mota a hannu, shekara biyu, shekara uku, amma har yau sunan mai ita na farko ne a kan kartigiris. A cikin gari ana sanin juna, ba mai tambaya. A bakin iyaka kuwa, ma'aikacin da bai san ka ba zai dubi sunan da ke katinka, ya dubi wanda ke takardar mota, ya ga sun saɓa. Nan tafiya take tsayawa. Ko dai ka canza sunan tun da wuri, ko ka karɓi takardar wakilci daga mai sunan, da sa hannu da hatimi. Haka ma idan motar ta aro ce.

Game da lasiransi, wanda ke aiki a cikin gida daban yake da wanda ke bin ka ƙetare. Tun 1982 ƙasashen yammacin Afirka suka fito da katin nan mai ruwan ƙasa, wanda muke kira kartiburun, domin idan motar baƙo ta yi wa wani ɓarna a samu mai biya. Ka je wurin mai sayar maka da lasiransi ka ce masa: "Malam, Najeriya za ni, nuna mini a rubuce cewa takardar nan tana aiki a can." Kada ka yarda da maganar baki.

A bakin iyaka, duwan ɗin Najeriya, su da ake kira kwastan, za su ba motarka takardar izinin shiga na ƴan kwanaki. Ka karanta ranar da aka rubuta, ka tabbata ta wuce ranar dawowarka. Duk inda ka biya kuɗi, ka nemi rasit cikin ladabi. Kowace takarda ka yi mata fotokofi biyu, ka kuma ɗauki hotonta a wayarka. Na asali su zauna a jaka ɗaya, a hannunka. Wanda takardunsa suka cika, gaisuwa ce tsakaninsa da mai shinge. Wanda nasa suka gaza, kowane shinge kasuwa ne, kuma ba shi ke yanka farashi ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda magidanci zai kai iyalinsa Kano da motarsa, da ƙaramin guzuri, ya dawo lafiya. Mun gama da hanya da takardu, yanzu sai ita kanta motar.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, domin wani ya tsira da shi. Shekarun baya na ɗebi iyalina za mu biki Kano. Na yi niyyar tashi da asuba, amma jiran wannan da sallamar wancan suka kai mu bayan la'asar. Tayoyina na baya na san sun tsufa, na ce bari dai mu je mu dawo sai in canza. Mun wuce Bakin Birji kaɗan, rana tana shirin faɗuwa, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, mota ta fara ja gefe. Allah ya sa ba gudu nake ba, na samu na tsaya. Na buɗe but na ciro tayar ajiya, na danna ta da yatsa, sai ta lotsa. Ba iska a ciki. Ƙaramar ƴata tana kuka, ruwan shanmu bai fi rabin jarka ba, duhu yana shigowa. Mun fi awa biyu a gefen hanya kafin wani direban babbar mota, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya ya ba mu iska. Da muka isa Damagaram dare ya yi, dole muka kama ɗaki. Da safe na sayi taya a farashin da aka faɗa mini, don ba ni da zaɓi. Kafin mu ga iyaka, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tafiyar ya tafi. Da na sayi tayar nan a natse, da na duba ta ajiya minti biyu kacal, da duk wannan bai faru ba.

Saboda haka, mako guda kafin tafiya ka kai motar gareji. Na ce mako guda, ba jajibiri ba, domin in an taɓa wani abu ka samu kwanakin gwada shi a cikin gari. A yi bidanji, a wanke ko a canza matatar iska, domin ƙurar Damargu ba ta raga mata. A duba birki, da ruwan lagireto, da bel, da batir, da fitilu gaba da baya. Taya kuwa ka tsuguna da kanka ka duba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2018. Taya takan yi kyau a ido alhali robarta ta bushe, ta tsattsage, kuma zafin kwaltarmu ba ya yafe wa tsohuwar roba. A cikin but a samu tayar ajiya mai iska, da jak, da sifanar taya, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara, da tocila, da igiyar ja, da jarkar ruwa. Jami'an kiyaye haɗurra na Najeriya sukan tambayi tukunyar gobara da alamar tsayawa, suna kuma duba ko an ɗaura bel.

To, mu zauna mu yi lissafi. Ɗauko takarda da biro. Zuwa da dawowa kilomita 800, ka ƙara 100 na zirga-zirga, 900 ke nan. Idan motarka tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, lita 90 kake bukata. A watan Yulin 2024 gwamnati ta mayar da litar esansi sefa 499. In muka lissafa da 500, kuɗin mai ya kama sefa 45,000, wato jika 45. Wannan misali ne. Kai ka sa farashin ranar da za ka tashi, da abin da taka motar ke sha.

Akwai wani tsohon lissafi da ya kamata a cire daga kai. Da can mutum yakan isa iyaka da tanki kusan fanko, don ya san man Najeriya ya fi araha. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da shugaban Najeriya ya sanar da janye tallafin mai, farashinsa a can ya ninka. Mu kuma matatar mai ta SORAZ tana nan a kan hanyarmu, cikin ƙasar Olelewa, tana aiki tun Nuwamban 2011. Saboda haka ka tambayi farashin ɓangarorin biyu, ka cika tanki a inda ya fi sauƙi. Ka sha mai a gidan mai, ka guji na kwalba in ba dole ba. Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da rabi, mun ga layukan da aka yi a gidajen mai a watan Maris na 2025. Kuma kada ka ƙetare iyaka da jarkokin mai a but. Haɗari ne ga iyalinka, kuma ma'aikaci zai ɗauke ka ɗan fasa-ƙwauri.

Bayan mai, ka rubuta sauran layuka: gyaran mota, takardu, kuɗin peyaji, masauki, abinci, shiga wuraren kallo, tsaraba. Ka haɗa jimla. Sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ka naɗe shi daban. Wannan shi ne kuɗin komawa gida. Ba a canza shi zuwa naira, ba a sayen atamfa da shi, ba a ba da aronsa. Ka damƙa shi a hannun uwargida, ku yi alkawari ba za a taɓa shi ba sai mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo. Idan ka haɗa lissafi ka ga abin da ke hannunka bai kai ba, ka rage kwana ɗaya, ko ka tsaya a Daura, ko ka ɗaga tafiyar zuwa wani wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Canjin kuɗi kuma, ku sani sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, ita kuwa naira kullum da farashinta. Ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka miƙa kuɗinka. A bakin iyaka ka canza kaɗan, abin da zai kai ka Kano. Sauran ka bari sai ka isa kasuwar ƴan canji ta Wapa a unguwar Fagge. Ka ƙirga a gaban mai canji, kada kunya ta hana ka. Kuma ka riƙa canzawa daidai bukata, domin nairar da ta rage in ka zo mayar da ita sefa sai ka yi asara.

Ga wani tarko da ke kama mutanenmu. Mu da dala muke ƙirga. Idan mai tumatir a kasuwar Tanut ta ce ɗari, sefa 500 take nufi. A Kano in an ce ɗari, naira 100 ce, ba a ninkawa. Ka koya wa uwargida da yara wannan tun a gida, kada a biya ninki biyar.

Masauki da abinci su ne suke cinye kuɗin baƙo a birni. Wane ne a cikinmu ba shi da ɗan'uwa, ko suruki, ko abokin ciniki a Daura ko Kano? Zumunci a ƙafa yake. Amma ka kira shi tun da sauran mako biyu, ka faɗa masa ku nawa ne, kwana nawa za ku yi. Kada ka sauka wa mutum da mota cike ba sanarwa, shi ma da nasa lissafin. Ka riƙa masa abin ƙasarmu: cuku, da kilishi, da dabino. Idan gidan baƙi za ka kama, tambayarka ta farko ita ce ko akwai wurin ajiye mota a cikin katanga da maigadi, sannan ruwa da wuta, sannan farashi.

Uwargida, guzurin hanya naki ne. Dambu, da ƙuli-ƙuli, da soyayyen nama, da fura, da kayan shayi, da ruwa mai yawa. Abin da mutum biyar za su kashe a cin abinci sau ɗaya a bakin hanya ya isa ya yi guzurin yini guda daga gida. A sa magungunan da aka saba sha a cikin kwalayensu, tare da takardar likita in akwai, da gidan sauro na yara.

Ga yadda zan tsara kwanakin in ni ne. Rana ta farko, a tashi bayan sallar asuba, da sanyin safiya ake kama fara. A karya kumallo a Damagaram, a cika tanki, a isa iyaka da rana tsaka, a kwana Daura. Rana ta biyu da safe a kai yara rijiyar Kusugu, su leƙa da idonsu inda labarin Bayajida da macijiya da sarauniya Daurama ya faru, su ga ƙofar fadar Daura. Gani ya kori ji. Daga nan a kama hanyar Kano, a shiga kafin la'asar.

Rana ta uku ta Kano ce. Shawarata a nan, ka ajiye motarka a masauki ka hau adaidaita sahu. Titunan birni suna da cunkoso, wasu hannu ɗaya ne, ga gadoji sama da ƙasa, ga jami'an KAROTA da ke kula da dokar hanya. Baƙo mai lambar wata ƙasa in ya yi kuskure ɗaya, tarar za ta fi kuɗin adaidaita na yini duka. Ku fara da Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, daga samansa za ku ga birnin a shimfiɗe. Ku sauko Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fadar sarki. Ku je marinar Ƙofar Mata ku ga yadda ake tsoma zane a baba. Ku shiga kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ka ce wa ƴaƴanka nan ne ayarin da ya ratsa Damargu yake sauke kayansa. Yawancin wuraren nan kuɗin shigarsu kaɗan ne. Inda kuɗi ke tafiya shi ne kasuwar Kantin Kwari. Kafin ku shiga, a rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba da abin da aka ware, in ya ƙare a fito. Ka tuna kuma kaya in sun yi yawa sun zama na kasuwa, duwan za ta nemi haƙƙinta a hanyar dawowa. Rana ta huɗu a tashi da asuba. In rana ta yi muku nisa, ku kwana Damagaram, kada ku kama hanyar Tanut da dare.

Hausa ɗaya muke ji da su, amma wasu kalmomin sun bambanta, kuma sanin su yana rage wahala. Esansi a can fetur ne. Gazuwal su gas suke cewa, ko dizal. Permi lasin ne, lasiransi inshora, bidanji juyen mai. Mu in mun ce za mu likita, wurin muke nufi. A can ka ce asibiti, don likita shi ne mutumin da ke duba ka. Agogonmu da nasu ɗaya ne, kuma su ma hannun dama suke tuƙi, don haka ba abin da za ka canza a nan. Wayarka kuwa, ka tambayi kamfaninka tun a gida ko layinka zai yi aiki a can da abin da za a riƙa cire maka, domin sayen layin Najeriya sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa ko mazauni. Ka rubuta lambar mai masaukinka da ta wani ɗan'uwa a takarda, ko da waya ta mutu.

Sauran gargaɗi huɗu, ina roƙonku da girman Allah ku riƙe su. Na farko, ba tafiyar dare. Raƙumi da jaki ba su da fitila, manyan motocin dakon mai suna kan hanya, kuma sha'anin tsaro sai da ido. Ku tsaya kan babbar hanya, kada wani ya ce ga yanke ta daji. Na biyu, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na wane ne. Abin da aka samu a motarka naka ne a gaban hukuma. Na uku, takobi da wuƙar ɗamara ado ne a wurinmu, amma a shingen wata ƙasa makami ne. A bar su a gida. Na huɗu, in barci ya fara fizgarka, ka tsaya. Bayan kowace awa biyu a sauka a miƙe ƙafa, a sha ruwa, a yi salla. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi da yin kasaru, ka tambayi malaminka hukuncinta kafin ka tashi. A shinge ka rage gudu, ka sauke gilashi, ka yi sallama, ka amsa abin da aka tambaye ka. Baƙo ba ya faɗa a garin mutane.

Lokacin da ya fi dacewa da irin wannan tafiya shi ne bayan kaka, cikin sanyi, lokacin da ruwa ya ɗauke, injin ba ya zafi, yara kuma suna hutu. Sai dai ranar da hazo ya rufe gari, a kunna fitila a rage gudu, ko a jira ya washe.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da ya leƙa rijiyar Kusugu, ya hau Dala, ya ga ƴan'uwansa na ƙetaren iyaka, ba zai manta ba har tsufansa. Ina kira ga duk magidancin da ke da wannan niyya, ya fara tun yau. A daren nan ka ciro takardun motarka ka duba sunan da ke kai da ranar ƙarewarsu. Gobe da safe ka buɗe but ka danna tayar ajiya. Ka fara ajiye ɗan abin da ya samu kowane mako, kuɗin komawa gida kuma ka ware shi kafin komai. Iyalin da ka ɗauka amana ne a wuyanka, ka fita da su lafiya, ka dawo da su lafiya.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai kowane matafiyi gidansa, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.